Malaman aro suna tafiya: wa zai koya wa sojanmu harbin nesa?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa, a ranar 17 ga Yulin 2025 Faransa ta miƙa wa gwamnatin Senegal sansanonin sojanta na ƙarshe a Dakar. Da yawanmu a nan Lome mun ji labarin a rediyo mun wuce, muna ganin Dakar ta yi mana nisa. Amma sojojin da suka tashi daga can, babban aikinsu tun shekarar 2011 shi ne fita rukuni-rukuni zuwa ƙasashen Afirka ta Yamma suna horar da sojoji. Kafin nan Faransa ta bar Mali a 2022, ta bar Burkina Faso da Nijar a 2023, ta bar Chadi a farkon 2025. Amurka ta kwashe nata daga Agadez a 2024. Tawagar horarwa ta Tarayyar Turai da ta sauka Mali a 2013 ita ma ta naɗe tabarmarta a watan Mayun 2024.

Ke nan malaman aro suna komawa gida, alhali wutar da aka kira su kashewa tana ƙara gangarowa kudu. Wannan ya tayar da tambayar da ba a cika yi a zaurukanmu ba: wane ne zai koya wa sojan ƙasa harbi, musamman harbin nesa, kuma me zai koya masa?

Me ya haɗa Zongo da wannan magana?

Wani zai ce ina ruwan ɗan kasuwa da almajiri da zancen bindiga. Ruwanmu a ciki yana da yawa. Tashar Jirgin Ruwa ta Lome, mai zurfin fiye da mita 16, ta karɓi kaya sama da tan miliyan 30 a shekarar 2023. Wani kaso na kayan nan na Burkina Faso ne da Nijar da Mali. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, da rufe iyakar Nijar da Benin da ya biyo baya, kayan Nijar masu yawa da ke sauka a Kwatano sun dawo ta Lome. Hanyar fitarsu guda ce: babbar hanya ta ɗaya, daga Lome zuwa Atakpame, Sokode, Kara, Mango, Dapaong har Sinkase, tafiyar kilomita sama da 600. Daga nan sai a shiga Burkina, inda tireloli kan jira rakiyar soja kafin su nufi Kaya da Dori da Tera.

Su wa ke cikin motocin nan? 'Ya'yanmu ne da ƙannenmu: direbobi, yaran mota, makanikai, dillalai, masu fiton kaya a duwan. Tun da aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar gari a 1977 aka kawo mu nan Togblekope, abincin unguwar nan yana bin hanyar nan ne. Ranar da hanyar arewa ta toshe, tukunya ce za ta fara faɗa mana. Mun ga abin da ya faru a Mali daga watan Satumban 2025, lokacin da ƙungiyar JNIM ta shiga ƙona tankokin mai a kan hanyoyin da ke zuwa daga Senegal da Kwaddibuwa, har Bamako ta shiga ƙuncin mai aka rufe makarantu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Halin da arewa ke ciki

Gwamnatin Togo ta fara girke sojoji a yankin Savanes tun 2018, ƙarƙashin aikin da aka sa wa suna Koundjoare. A watan Nuwamban 2021 aka kai hari na farko a Sanloaga, sojoji suka mayar da shi. A daren 10 zuwa 11 ga Mayun 2022 aka auka wa sansanin Kpekpakandi a Kpendjal, sojoji 8 suka rasu, 13 suka ji rauni. A watan Yuni na shekarar aka kafa dokar ta-ɓaci a yankin, ana kuma ta sabunta ta. A watan Afrilun 2023 shugaba Faure Gnassingbe ya ce an rasa sojoji kimanin 40 da farar hula kimanin 100. A watan Yulin 2025 ministan harkokin waje Robert Dussey ya shaida wa kamfanin dillancin labarai na Reuters cewa daga farkon shekarar an kashe farar hula 54 da sojoji 8, kuma akwai sojoji kimanin 8,000 a arewa. Maƙwabtanmu na Benin sun rasa sojoji 54 a rana guda, 17 ga Afrilun 2025, bisa ƙidayar gwamnatinsu.

Kuɗi ma an zuba. Dokar tsara harkar soja ta 2021 zuwa 2025 ta ware sefa biliyan 722. An sayo jirage marasa matuƙi daga Turkiyya. A 2025 an ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwar soja da Rasha, shugaban ya kuma je Mosko a watan Nuwamba. Sai dai makami sayensa ake yi a rana ɗaya, gwaninta kuwa shekaru take ci.

Dalilin muhimmancin harbin nesa

Ƙasar Savanes fili ce mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, da duwatsu a wasu sassa. Da rani mutum yana hango na gaba da shi daga nesa ƙwarai. Maharan suna zuwa ne a kan babura, da yawa, da sauri, galibi da asuba ko cikin dare. Bindigar da soja da ɗan ta'adda duka suke riƙe da ita, wato Kalashnikov, amfaninta na haƙiƙa bai cika wuce mita 300 zuwa 400 ba. Idan ɓangarori biyu suna da tazara ɗaya, mai yawa da mai shammata shi ke da rinjaye. Wannan ne ya sa rundunonin duniya suke sa gwanin harbi a cikin ƙananan rukunoninsu, mai bindiga mai madubin hange, irin Dragunov ta Rasha da ke kai wa wajen mita 800. Ƙaramin sansani mai irin waɗannan mutane yana iya tsayar da mahara tun ba su iso bakin ganuwa ba.

Tarihinmu ya san wannan. A Tabkin Kwatto, a 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawakai da 'yan lifidi, jama'ar Shehu Usmanu kuwa dawakansu kaɗan ne, 'yan baka ne ƙarfinsu, kuma su suka yi nasara. Bayan shekara 99, a ranar 15 ga Maris 1903, bindigogin Turawa masu ruwan harsashi suka cim ma mahayan Sakkwato tun ba su kusanto ba. A duka biyun, wanda makaminsa ya riga isa shi ya ɗauki ranar.

Amma harbin nesa ilimi ne mai wuya. Harsashin da aka harba zuwa mita 800 yana yin fiye da daƙiƙa guda a iska, yana sunkuyawa ƙasa da mitoci da dama, iska tana tura shi gefe, zafin rana da ƙurar hunturu suna ruɗin ido. Maharbi yana buƙatar lissafi, da sanin ƙasa, da haƙurin kwanciya awoyi a wuri guda. Shi ya sa galibi mutum biyu ke aikin, ɗaya yana dubawa yana auna tazara, ɗaya yana riƙe da kunama. Kuma gwaninta ce mai zubewa: wanda ya yi watanni bai taɓa filin atisaye ba, hannunsa ya fara mantuwa.

A nan ne batun malami ya shigo. Baƙon da ya zo ya yi mako uku ya koyar da mutum ashirin, ya ɗauki hoto ya tafi, ya bar mutum ashirin ne kawai, kuma cikin shekara biyu an watsa su wurare dabam-dabam. Wanda ya horar da malamai biyar 'yan ƙasa, ya bar makaranta. Mu da muka fito daga tsangaya da zaure mun fi kowa fahimtar wannan. Ba mu kiran gari garin ilimi don wani shehi ya taɓa ratsawa ta cikinsa ya yi wa'azi. Sai ya zaunar da almajirai, ya ba su ijaza, su ma suka zaunar da wasu. Togo tana da wuraren da za a dasa irin wannan silsila: makarantar hafsoshi ta Pya, cibiyar horar da kurata ta Kara, cibiyar kwamando ta Kpewa, da cibiyar horar da masu aikin kiyaye zaman lafiya a nan Lome. Sauya Bafaranshe da Barashe ko Baturke bai warware matsalar ba, domin kayan aro ba ya rufe katara, ko daga wane gida aka aro shi.

Darasin Margba

Sai dai akwai abin da ya fi iya saiti muhimmanci, kuma mun biya kuɗin koyonsa da jini. A daren 9 zuwa 10 ga Yulin 2022, daren Babbar Sallah, wani abu ya faɗo a ƙauyen Margba da ke yankin Tone, yara da matasa 7 suka rasu, 2 suka ji rauni. Bayan 'yan kwanaki rundunar sojan Togo ta fito ta ce jirginta ne da ke sintiri ya ɗauke su a matsayin ayarin 'yan ta'adda. Amsa laifin nan abin a yaba ne, domin ba kowace runduna ke yi ba. Amma yaran ba su dawo ba.

A Najeriya, ranar 3 ga Disamban 2023, jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, mutum aƙalla 85 suka rasu. A wuraren nan biyu makamin bai kuskure ba, ya sami abin da aka saita shi a kai. Wanda ya duba daga nesa ne ya yanke hukunci kan abin da bai tabbatar ba. Wannan shi ne haɗarin duk wani harbin nesa, daga sama yake ko daga ƙasa. A tazarar mita 700, makiyayi mai sanda a kafaɗa da mai bindiga a kafaɗa kamarsu ɗaya. Manomi mai rawani a kan babur da ɗan leƙen asirin mahara kamarsu ɗaya. Kuma yawancin masu rawani da sanda a dajin nan Musulmi ne, Fulani ne da sauran makiyaya da fatake, waɗanda 'yan ta'adda ke cuta da dare, a kuma zarge su da rana.

Mali ta ƙara mana wani darasin. Turawa sun shafe shekara 11 suna horar da dubban sojojinta. Duk da haka, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na watan Mayun 2023 ya ce an kashe mutum aƙalla 500 a garin Moura a watan Maris 2022, a hannun sojojin Mali da baƙin mayaƙa da ke tare da su, ko da yake gwamnatin Mali ta ƙi amincewa da rahoton. Horon hannu bai isa ba idan zuciya da doka ba su sami nasu horon ba. Kowane marar laifi da aka kashe yana da 'yan'uwa, su kuwa masu ɗaukar matasa cikin daji irin wannan ranar suke jira.

Abin da magabata suka haɗa da harbi

Musulunci bai raina wannan fanni ba. Aya ta 60 a Suratul Anfal ta yi umurni da tanadin ƙarfi, kuma a hadisin Uƙbatu ɗan Amir da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya fassara ƙarfin nan da harbi, ya maimaita har sau uku. A wani hadisin na Uƙbatu an yi kashedi mai tsanani ga wanda ya koyi harbi sannan ya watsar da shi, abin da ya yi daidai da maganarmu cewa gwaninta ce mai zubewa. Ibnul Ƙayyim ya yi dogon bayani kan hukunce-hukuncen harbi da gasarsa a littafinsa Al-Furusiyya.

Amma ku duba abin da aka ɗaure shi da shi. A Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, an ɗora maharba 50 a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubair (RA), aka umurce su kada su sauka ko me suka gani. Gwanintarsu ba ta gaza ba. Saukar da yawancinsu suka yi ce ta buɗe bayan runduna ga dawakan Khalid ɗan Walid. Darasin farko ke nan ga malamin harbi: gwani marar ɗa'a ya fi marar gwaninta haɗari.

Na biyu shi ne tabbatarwa. Aya ta 94 a Suratun Nisa'i ta umurci masu fita yaƙi da su yi bincike kafin su ɗaga makami kan mutum. Kowane ɗalibi ya san yadda Annabi (SAW) ya tsananta wa Usamatu ɗan Zaid (RA), duk da son da yake masa, saboda ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada bisa zaton cewa tsoro ne ya sa shi. Zato ba ya halatta jini. An hana kashe mata da yara a fagen yaƙi. An hana nuna wa ɗan'uwa makami ko da wasa. An umurci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu. An hana mayar da abu mai rai abin gwajin saiti. Yarjejeniyoyin Geneva da ƙarin da aka yi musu a 1977 sun wajabta bambance mayaƙi da farar hula, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wajen wanda ya karanta babin jihadi a Muwaɗɗa ko Risala.

Na uku shi ne ɗaukar alhaki. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure. Shari'a ta yarda cewa kuskure yana aukuwa, amma ba ta bari ya wuce a banza ba. Rundunar da ke rubuta kowane harbi, wa ya ba da umurni, me aka gani, sannan ta bincika ta biya iyalan wanda aka zalunta, ita ce mutanen ƙauye za su kawo wa labari. Labarin mutanen ƙauye kuwa ya fi kowane madubi hangen nesa.

Kada wani matashi ya karkatar da maganar nan

Hadisan harbi suna cikin abin da ɓatattun ƙungiyoyi ke yaudarar yara da shi a Facebook da WhatsApp da TikTok. Ku sani cewa tanadin ƙarfi da ɗaukar makami haƙƙin hukuma ne a wajen malaman Sunna. Ba aikin ƙungiya ba ne, ba na unguwa ba ne, ba na wani mai wa'azi a daji ba ne. Wanda ke tare hanya yana ƙona motar Musulmi da wanda ba Musulmi ba, yana yanka manoma, ayar da ta dace da shi ita ce ta 33 a Suratul Ma'ida, wadda ta yi magana kan masu fashi da ɓarna a bayan ƙasa.

Haka nan masu kiran a raba wa farar hula bindigogi su dubi maƙwabta. A watan Janairun 2020 Burkina Faso ta kafa dokar 'yan sa-kai da ake kira VDP, horonsu na farko kwana 14 ne. Sun mutu da yawa, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun zarge su da kisan farar hula, har da abin da ya faru a yankin Solenzo a watan Maris 2025. A Zamfara, rikicin 'yan sa-kai da makiyaya yana cikin abin da ya hura wutar da ta ƙi mutuwa har yau. A kwana 14 ana iya koya wa yaro jan kunama. Ba a iya koya masa lokacin da zai ɗauke yatsansa daga kanta.

Abin da ya kamata mu nema

Daga hukuma, muna roƙon a sa ƙarfi wajen samar da malaman harbi 'yan ƙasa, a zaɓe su bisa natsuwa da hankali kafin ƙarfin jiki, a bar su su daɗe a makarantun soja maimakon a riƙa cire su. Duk yarjejeniyar da za a ƙulla da wata ƙasa, a auna ta da yawan malaman da za ta bari a baya. A sa darasin bambance mayaƙi da farar hula a cikin jarrabawar harbin kanta, yadda wanda ya harbi allon da bai kamata ba zai faɗi ko da saitinsa ya fi na kowa. A sa masu jin Fulatanci da Moba da Gurmanci da Hausa a cikin rukunonin da ke arewa. A kuma tsare ma'ajiyar makamai, domin wani kaso na abin da mahara ke riƙe da shi a Sahel daga sansanonin da suka ci suka kwaso shi. Cibiyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta zaman lafiya da rage makamai a Afirka tana nan Lome tun 1986, ba sai an je nesa neman shawara ba.

Muna kuma tunatarwa cikin ladabi cewa gwanintar nan ta bakin iyaka ce. Mutanen Togblekope ba su manta da yaron da harsashi ya kashe a nan ranar 8 ga Disamban 2018, lokacin zanga-zanga, ba. Bindigar da aka saya da harajin talaka don kare shi, amana ce a wuyan mai riƙe da ita.

Daga ɓangarenmu, limamai su yi huɗuba kan alfarmar jini da hukuncin zato. Malaman Islamiyya su karantar da Uhudu da ƙissar Usamatu da fahimta, kafin wani ya karantar da yaranmu su a karkace. Shugabannin direbobi da masu masaukin baƙi su san wanda suke ɗauka da abin da suke ɗauka, su yi aiki da kwamitocin rigakafin tsattsauran ra'ayi da gwamnati ta kafa tun 2019. Ɗalibanmu masu lafiya da ilimi kada su ƙyamaci aikin soja da jandarma. Sojan da ya san girman rai tun daga makarantar allo, idan ya zama malamin harbi, ɗaruruwa za su gaji tsoron Allah daga hannunsa tare da saiti. Ba a fafe gora ranar tafiya, malamin da za a buƙata nan da shekara biyar yau ake fara tarbiyyarsa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, sojoji da farar hula. Ya kare matafiyanmu a kan hanya, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya zaunar da Togo da maƙwabtanta lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.